Da Haƙƙin Wa Ake Yin Sassaucin?

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa, lauya mai fafutukar kare haƙƙin yara, ya yi kwanakin baya, inda yake kira ga kotunan Jigawa da su riƙa sassauta wa matasan da aka kama da laifin sara, ko suka, ko kisan kai. Na karanta da kyakkyawan zato, domin ban ga alamar mugun nufi ga mai shi ba. Amma har na kai ƙarshe ban ci karo da uwar wanda aka kashe ba. An yi maganar ƙuruciyar mai wuƙa, an yi maganar talaucinsa, an yi maganar makomarsa. Wanda wuƙar ta shiga cikinsa kuwa, sau da yawa shi ma yaro ne, shi ma ɗan talaka ne, kuma tasa makomar an binne ta tare da shi.

Hujjojin Malam ba na wasa ba ne, don haka bari in shimfiɗa su yadda ya kawo su. A ganinsa ɗan shekara 15 ko 16 hankalinsa bai gama nuna ba, kuma masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwar mutum tana ci gaba da girma har ya wuce shekara 20. A ganinsa talauci da rashin makaranta da ƙwaya ne suka miƙa wa yaron makami, saboda haka al'umma ce ta fara yi masa laifi. Yana cewa kurkukunmu ba sa gyara kowa, yaro ya shiga da laifi ɗaya ya fito da sana'ar laifi goma. Ya kuma rufe da cewa yafiya addininmu ce kuma al'adarmu ce, ɗaure yaro ba zai dawo da mamaci ba. Daga nan ya kai ga cewa a riƙa yanke ɗan gajeren wa'adi, ko a mayar da yaro hannun iyayensa, ko dattawa su sasanta tun magana ba ta yi nisa ba.

Akwai inda ba mu da jayayya. Ba na neman a rataye yaro. Dokar ƙasa ma ta hana: Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 duk sun haramta yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai shekara 18 ba a lokacin da ya aikata laifi. Jigawa ita ma ta samu tata dokar kare yara a ƙarshen 2021, zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Kuma wanda ya ga hotunan yaran nan na Kano da Kaduna da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, wasunsu na faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, ba zai musa cewa hukuma tana zaluntar yara a ƙasar nan ba. Amma waɗancan yaran ba a ce sun soke wani ba. Kuskuren Malam na farko shi ne ya zuba kowa a kwando ɗaya: wanda ya saci kaza, da wanda aka kwaso a zanga-zanga, da wanda ya laɓe ya jira sa'ansa a hanyar dawowa daga kasuwar Sara ya sare shi saboda waya. Tausayin da ya dace da na farko da na biyu, shi ya ɗauka ya lulluɓa wa na uku.

Maganar hankali gaskiya ce, amma ina ta tsaya? Ƙuruciya tana rage nauyin zargi, shi ya sa ba a yi wa yaro hukuncin babba. Ba ta rage zurfin rauni. Dokar laifuka ta Arewa, wadda muke aiki da ita tun 1960, ta riga ta yi wannan lissafi: ɗan ƙasa da shekara 7 ba a kama shi da laifi ko kaɗan, daga 7 zuwa 12 kuma sai an tabbatar ya fahimci abin da ya aikata. Masu dokar sun san yaro yaro ne. Amma ba su ce ɗan shekara 17 bai san wuƙa tana kisa ba. Matashin da ya wasa adda tun da rana, ya soke ta a ƙugu, ya nemi abokai biyu, ya zaɓi lungun da babu fitila, bayan ya gama ya wanke rigarsa ya ɓoye wayar, wane ɓangare na wannan aiki ne bai gane ba? A ƙauyukanmu ɗan shekara 16 yana noma gonar gandu, yana tuƙa babur da fasinja daga Babaldu zuwa Birnin Kudu, ana ba shi kuɗin awo ya je kasuwa ya dawo da lissafi cif. Yaya za a amince da hankalinsa a duk waɗannan, ranar da ya zubar da jini kaɗai a ce ba shi da shi?

Akwai ma wata matsala da Malam ya fi ni sani, amma ya tsallake ta. Wa ya tabbatar da shekarun? Yaran karkara da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba. Abin da ake kawowa sau da yawa takardar rantsuwar shekaru ce, wadda ake iya yi yau a kawo gobe. Ta wannan ƙofa ƙato mai gemu yakan koma ɗan shekara 16 idan danginsa na da hali. Ta ita kuma yaro na gaske, ɗan wanda ba shi da kowa, akan ƙara masa shekaru a takardar tuhuma ya tafi cikin manya. Idan muka ce duk wanda aka kira yaro a sassauta masa, alhali ba mu gyara hanyar tantance shekaru ba, wa zai fi cin moriya? Ba marayan da Malam ke tausayi ba ne. Sassaucin da muke gani a zahiri ba na doka ba ne, na sanayya ne: wanda ke da uban gida a siyasa, wanda aka yi amfani da shi a lokacin zaɓe, shi ne ake bugo waya dominsa.

Sai talauci. A nan ne na fi jin zafin rubutun. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa Jigawa cikin jihohi uku mafiya talauci, da kusan kashi 87 cikin 100 na mutanenta. Ba sai an karanta mana rahoto ba, a cikinsa muke. To in talauci ne ke kisa, ina dubban yaran Kila da Fagam da Kantoga da Sundimina da ke kwana da yunwa, su tashi su tafi gona ko dako ko tallan rake, ba su taɓa ɗaga wa kowa makami ba? Cewa talauci ne ya sa, cin fuska ne gare su. Kuma wa ake kashewa? Ba 'ya'yan masu gida da katanga da maigadi ba ne. Ɗan acaɓa ne da ake ƙwace wa babur ɗin da bai gama biya ba. Ɗalibi ne da ya tara kuɗin waya da aikin ƙwadago. Ɗan manomi ne ko ɗan makiyayi da gardama ta haɗa su a bakin gona lokacin kaka. Idan al'umma ta yi wa mai laifi laifi, to wanda ya mutu laifi biyu aka yi masa, na al'umma da na mai wuƙa. Me ya sa a lissafin Malam talaucin ɗaya uzuri ne, talaucin ɗayan kuwa ba a ko ambace shi ba?

Bari in faɗi abin da ke samun gidan da aka yi wa wannan ɓarna, tun da rubutun bai faɗa ba. Daga ƙauye ake ɗauko yaro a babur ko a bayan a-kori-kura zuwa asibitin gwamnatin tarayya da ke Birnin Kudu. Kuɗin jini, kuɗin ɗinki, kuɗin magani, kuɗin tiyata in ta kama, duk a wuyan uba. A sayar da akuyar uwa, a sayar da buhun riɗin da aka ajiye don sallah, wani lokaci a jinginar da gona. In yaron ya rayu, wataƙila hannu ɗaya ba zai sake riƙe fartanya ba. In ya rasu, ana share makoki sai zirga-zirgar hukuma ta fara. A nan ne uban zai gane cewa shari'ar ba tasa ba ce. A tsarin kotunan boko, gwamnati ce ke ƙarar mai laifi, shi uban mamaci in ya yi yawa shaida ne. Zai biya kuɗin mota daga Basirka ko Gwaram zuwa babbar kotu, ya zauna a benci tun safe, a yi magana da Turancin da ba ya ji, wani ya gaya masa a bakin ƙofa cewa an ɗage. Ya sake zuwa, a sake ɗagewa. Ranar da kuɗin mota ya gagara sai ya daina zuwa, daga nan a ce masu ƙara ba su da sha'awar ci gaba. Da yawa ba a kotu suke jin ƙarshen maganar ba. A kasuwa suke gani, ranar da suka yi kiciɓis da wanda ya kashe ɗansu yana shan shayi. Ba wanda ya aiko musu, ba wanda ya tambaye su, ba wanda ya ce ga abin da za ku rage asara.

Wannan ba sakacin ma'aikaci ɗaya ba ne, haka aka gina tsarin. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babban Lauyan Jiha ikon janye tuhuma. Sashe na 212 ya ba gwamna ikon yin afuwa bayan ya shawarci kwamitinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya wajabta a nemi jin ta bakin iyalan mamaci. Mun ga yadda wannan ke ƙarewa a watan Oktoba 2025, lokacin da sunan Maryam Sanda ya fito a jerin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa, dangin mijinta marigayi Bilyaminu Bello, wanda aka same ta da laifin kashewa, suka fito suna kuka da abin, har aka sake duba jerin aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. Ita ba yarinya ba ce, kuma waɗannan dangi masu murya ne, jaridun Abuja na jin su. Uban da ke Maruta fa, wace jarida ce za ta ji shi?

Ga wani misali da ya fi kusa da mu. A watan Afrilu 2014, a yankin Gezawa na jihar Kano, wata yarinya 'yar shekara 14 da aka aurar ta zuba maganin ɓera a abinci, mijin ya mutu, wasu mutum uku da suka ci abincin su ma suka mutu. Duniya ta tsaya mata, lauyoyi suka zo, ƙungiyoyin waje suka rubuto wasiƙu, a 2015 gwamnatin Kano ta janye tuhumar. Ban taɓa fatan a kashe yarinyar nan ba, kuma auren da aka yi mata tana ƙarama abin tuhuma ne ga manya. Amma mutum huɗu aka binne. Ukun nan ba su aure ta ba, ba su aurar da ita ba, hannu kawai suka sa a kwano. Cikin duk masu fafutukar da suka san sunan yarinyar da shekarunta da ƙauyensu, mutum nawa ne za su iya faɗin sunan ɗaya daga cikin ukun? Irin wannan mantuwa ce nake gani a rubutun Malam.

Game da kurkuku, ya yi gaskiya, kuma ba zan rage masa komai ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Gidajen horar da matasa masu laifi na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani uku ne: Kaduna, Ilori da Abeokuta. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali, amma sauya suna bai ƙara ɗaki ba. To sai me ya biyo baya? In rijiyar gari ta gurɓace yashe ta ake yi, ba a ce mutane su daina shan ruwa. In babu wurin da ya dace a tsare yaron da ya yi kisa, aikin gwamnatin Dutse ne ta tanadi wurin, da malamai, da koyon sana'a, da masu raba shi da ƙwaya. Malam ya ɗauki gazawar gwamnati ya ɗora kuɗinta a kan gidan mamaci. Kuma mayar da yaro hannun iyaye, waɗanne iyaye? Ba a hannunsu yake ba ranar da ya fita da adda? Ba majalisarsu ta 'yan shaye-shaye zai koma ba, inda yanzu ya zama gwarzo, wanda ya yi aika-aika ya dawo lafiya? Ƙannensa na kallo, kuma darasin da za su ɗauka a fili yake.

Har ma don shi yaron, saki cikin gaggawa ba gata ba ne. Kowa ya san abin da ke faruwa a Kano idan aka yi ihun ɓarawon waya. Mutane ba haka kawai suka koma ɗaukar doka a hannu ba, sun yanke ƙauna ne cewa wanda aka kai wa hukuma zai daɗe a can. Ina ƙyamar wannan ɗabi'a, domin ta sha cinye marasa laifi. A karkararmu kuwa abin ya fi haɗari, don rai ɗaya da ba a bi kadinsa ba tsakanin manomi da makiyayi yana iya zama rugar da aka ƙone ko rumbun da aka cinna wa wuta, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su biya. Hukunci mai ma'ana shi ke kwance ɗamarar 'yan'uwan mamaci.

Yanzu ga yafiya, wadda Malam ya jingina da addini. A nan ina roƙonsa ya koma littattafan da muka karanta a zaure, irin su Risala. Musulunci bai yi wa yaro ƙisasi ba, gaskiya ne. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita kotunan Shari'a ke aiki a Jigawa tun 2000, gangancin yaron da bai balaga ba hukuncin kuskure yake ɗauka. Amma maganar ba ta mutu a nan ba. Diyya tana nan, kuma dangin yaron na wajen uba ne ke ɗaukarta: raƙuma 100, ko dinare 1,000, ko dirhami 12,000. Wato jinin ba ya faɗuwa banza don mai zubar da shi yaro ne. Ga baligi kuma, ko waliyyan jini sun yafe, malaman Malikiyya sun ce a yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda, domin al'umma ita ma tana da haƙƙi. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya kashe shi don ya ɗauke dukiyarsa, a wannan mazhaba yafiyar dangi ba ta kuɓutar da shi. Ban kawo wannan don in ce a kashe ɗan shekara 16 ba. Na kawo ne don a ga inda addini ya zaunar da iyalan mamaci. A Suratul Baƙara da Suratul Isra'i, magajin wanda aka kashe shi aka ba iko, shi aka kwaɗaitar da yafiya, shi kuma aka gargaɗa kada ya wuce iyaka. Yafiya tasa ce. Ba ta lauya ba ce, ba ta ɗan siyasa ba ce, ba ta marubuci ba ce, ni ko Malam.

Me ake yi a wasu zaman sulhun namu? Ba duka ba, domin akwai hakimai da dagatai da limamai masu tsoron Allah da suka kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Amma akwai zaman da ake kiran uba, ya tarar da manyan gari sun cika zaure, a ce masa ƙaddara ce, a yi haƙuri, a bar wa Allah, gobe ma ana tare. Talaka ne, a gaban waɗanda yake gaisarwa a durƙushe. Zai iya cewa a'a? Uwar tana cikin gida, ba a ko leƙa ta ba. A tashi a ce an yafe, a ba shi abin da bai kai kuɗin asibiti ba, ko a sallame shi da addu'a. Yafiyar da aka karɓa da kunya da tsoro ba ita Allah ya yaba ba. Malam yana cewa ɗauri ba ya dawo da mamaci. Haka ne. Saki ma ba ya dawo da shi. Ba don a tayar da matattu ake hukunci ba, ana yi ne don a shaida wa rayayyu cewa ran da aka ɗauka yana da daraja.

Wasu ƙasashen sun bi ta wannan hanya kafin mu. A Indiya, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa ɗalibar nan fyaɗen da ya yi ajalinta a Delhi a 2012 bai cika shekara 18 ba, aka ba shi shekara 3 a gidan gyaran yara, ya fito a Disamba 2015 uwar yarinyar na kuka a gaban 'yan jarida. A watan ne majalisarsu ta gyara doka, ta ba da damar a duba ko ɗan shekara 16 zuwa 18 da ya aikata babban laifi zai fuskanci shari'ar manya. A New Zealand kuwa, wadda masu ra'ayin sassauci ke yawan kafa hujja da ita, dokarsu ta 1989 ta kawo zaman iyalai kan laifin yara, amma wanda aka cuta yana da kujera a zaman, kuma kisan kai kotu yake zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 1985 ta fitar da sanarwa kan haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi: a sanar da su, a saurare su, a biya su. Masu fafutukarmu sun haddace yarjejeniyar haƙƙin yara, wannan kuwa ba mu cika jin ta a bakinsu ba.

Matsayina ke nan. Yaron da ya yi kisa ko ya nakasa wani kada a kashe shi, kada a haɗa shi da manyan fursunoni, amma a tsare shi tsawon lokacin da ya dace da girman abin da ya yi, a wurin da za a gyara shi da gaske. Likita da shaidun unguwa su tantance shekaru, kada a dogara da takardar rantsuwa kaɗai. Kada a ba da beli, ko a janye tuhuma, ko a yi afuwa a laifin jini sai an sanar da iyalan wanda aka cuta an ji ta bakinsu, har da uwa, a gaban alƙali, cikin Hausa ko Fulatanci. Dokokinmu sun riga sun ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta. A riƙa amfani da wannan iko, dangi su ɗauki nasu kaso, inda suka gaza kuma jiha ta kafa asusun da zai biya kuɗin asibiti da na zuwa kotu.

Birnin Kudu da Gwaram suna da wakilai a Majalisar Dokokin Jiha da ke Dutse. Malam lauya ne, ya fi ni sanin yadda ake tsara ƙudurin doka. In ya rubuta wanda ya haɗa gidan gyaran yara da haƙƙin iyalan mamaci a takarda ɗaya, zan bi shi mu kai musu tare. In kuwa ya tsaya a kan rage wa'adi da mayar da yaro gida kawai, ba na tare da shi.